Matar da Ba Ta Taɓa Cin Bashi Ba

Gonar Haugen, Tolvik, Dakota ta Arewa
9 ga Agusta

Ɗiyata Corinne,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da 'yan matanki biyu. Na san sai kin juya ambulan ɗin sau biyu kafin ki gane mai rubutun. Lorna ce, wadda muka haɗa kaka da mahaifiyarki, marigayiya Joyce. Rabonmu da juna tun ranar da aka binne ta, shekara shida ke nan, lokacin da kika cusa mini katin wurin aikinki a aljihun kwat, kika ce in wani abu ya taso in neme ki. To, ga shi ya taso.

Mu nan sai godiya. Alkama ta nuna, maƙwabcinmu da ya karɓi hayar gonar ya fara yanka. Gwiwata tana nan yadda kika san ta. Maigidana Arvid yana nan.

Ranar Talata na sami awa biyu ni kaɗai a garin Minot, na je na duba wani gidan haya. Ɗaki ɗaya ne da falo, a ƙasa, babu hawa. Yarinyar da ke kula da gidajen ta karɓi lasisina na tuƙi da lambata ta gwamnati, ta yi ta latse-latse, can ta ɗago ta ce, "Misis Haugen, ai ba kya nan." Na ce ga ni kuwa zaune a gabanki, har da jaka. Ta yi dariya, sannan ta ji kunya. Ta ce nufinta ba ni da tarihin bashi, kuma mai gidan ba ya ba da haya sai na'ura ta nuna cewa mutum ya saba ci ya biya.

Corinne, shekarata hamsin da tara, talatin da shida daga ciki a gidan nan. Ban taɓa riƙe wa wani ko sisi ba. Gida, gona, mota, wuta, waya, asusun banki, duk da sunan Arvid suke, don haka ubansa ya yi, haka kakansa ya yi. Kowace Litinin yana sa mini kuɗin cefane a gwangwanin kofi, bai taɓa fashi ba. Ni kuwa na reni ɗanmu Curtis, na yi jinyar surukata shekara tara, na dafa wa masu girbi, na yi wa coci wainar dankali fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Babu wanda ya taɓa biyana, ban kuma nema ba. Ashe wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne abin tsoro. Uwata da ta ji wannan da ta ce duniya ta juya.

Ke kina aikin banki. Ki gaya mini yadda mace irina, marar albashi, take sa sunanta ya fito a na'urar nan, kuma kwana nawa abin yake ɗauka. Ina bukatar gidan kafin ƙanƙara ta sauka.

Alfarma uku nake roƙo. Kada ki bugo waya: a kicin take, Arvid kuma a nan yake wuni yanzu, salula kuwa ba ta kamawa a kwarinmu. Ki aiko amsa ta hannun Ardis, sakatariyar cocinmu, adireshin yana baya. Kada kuma ki gaya wa Curtis, bakin ɗan nan nawa ba ya riƙe magana. Arvid bai san na je ba.

Taki,
Lorna


Tacoma, Washington
18 ga Agusta

Anti Lorna,

Ina gaisuwa da girmamawa. Wallahi na ji daɗin ganin rubutunki, sak irin na Mama, har yadda kuke jan wutsiyar harafi. Muna lafiya. Maren ta shiga babbar sakandare, tana ganin ta fi kowa sani. Ivy kuma ƙwallo ya ɗauke mata hankali. Allah ya ƙara wa gwiwar sauƙi.

Anti, kada maganar yarinyar nan ta dame ki, irinki nake gani kusan kowane mako a bakin tebur ɗina. Akwai kamfanoni da aikinsu ke nan, tara labarin wanda ya ci bashi da yadda ya biya, su ba shi maki. Ke ba mummunan maki gare ki ba, takardar ce babu komai a kanta. Hanya uku na sani.

Ta farko ita ce mafi sauƙi. Na san Kawu Arvid yana da katin bashi da yake sayen man tarakta, na kuma san halinsa, bai taɓa makara da biya ba. In ya buga wa banki ya ce a ƙara sunanki a katin, minti biyar ne, cikin wata ɗaya ko biyu shekarunsa na biya za su fito ƙarƙashin sunanki. Ba kowa ke ɗaukar wannan da cikakken nauyi ba, amma masu gidan haya yawanci yana isarsu.

Ta biyu, ki nemi kati da kanki, ki rubuta kuɗin da ke shigo wa gidan. Ana karɓa daga matar aure marar aiki, muddin hannunta yana kaiwa ga kuɗin, wato sunanta na cikin asusun.

Ta uku, ki kai wa banki dala ɗari uku su riƙe, su ba ki kati na daidai wannan kuɗin. Ki sha mai da shi sau ɗaya a wata, ki biya duka kafin ranar ta cika. Kamar yaro ne da aka ba akuya ɗaya a ga yadda zai yi kiwo. Wannan ba ta bukatar kowa, sai dai maki ba ya fitowa sai bayan wata shida.

Ni ma zan iya tsaya miki a takardar hayar, ki tambaye ta ko za su karɓa.

Yanzu ki yafe mini, zan yi shisshigi. Kin ce kowa lafiya, kika zo kan Kawu kika ce "yana nan" kawai. Kin ce kada in bugo, kada in faɗa, bai sani ba. Anti, kin san abin da ya fitar da ni daga gidan tsohon mijina Doyle da yara biyu da jaka ɗaya. Ni ma haka na fara, da neman ɗaki a ɓoye, ina ce wa kowa lafiya lau. Ba na zargin kowa. Tambaya ce kawai: lafiya kike a gidan nan?

'Yarki,
Corinne


Tolvik
30 ga Agusta

Ɗiyata Corinne,

Na gode, Allah ya yi miki albarka, ya raya Maren da Ivy. Ki yi haƙuri da rubutun, na gurɗe a wuyan hannu, har ya yi shuɗi. Kada ki tambaye ni yadda aka yi.

Na karanta takardarki a ofishin Ardis sau uku. Hanya ta farko a rufe take. In na ce ya ƙara sunana zai ce don me, in na faɗi don me, gidan nan ba zai zaunu ba. Ta biyu ma haka, sunana ba ya cikin asusun, ni kuma ba zan rubuta wa banki ƙarya da tsufana ba. Na buga wa yarinyar gidan haya da wayar coci a kan zancen tsayawarki. Ta ce mai tsayawa sai mazaunin jihar nan. Ta ƙara da wani sabo: tunda ba ni da albashi, sai na kawo takardar banki mai sunana da ta nuna akwai abin biya. Duk ƙofar da na taɓa sai in tarar da wata a bayanta.

Na bi ta ukun dai. Ina da ɗari da casa'in da na tara daga ragowar cefane, na sayar wa Ardis keken ɗinkin uwata Inga na cike. Ban je bankin Tolvik ba, manajan tare suke waƙa da Arvid a coci. A Minot na buɗe. Na roƙe su kada su aiko komai gida, don duk ambulan ɗin da ya shigo akwatinmu shi yake farke shi da 'yar wuƙarsa, ko na waye. Jiya na sha mai na dala ashirin da katin, ina waige-waige kamar na yi sata.

Amma wata shida, Corinne. Na ƙirga a yatsa, ƙarshen Fabrairu ke nan. Ba ni da wata shida. In hunturu ya same mu a gidan nan, ina tsoron ɗayanmu ba zai ga narkewar ƙanƙara ba.

Game da tambayarki, an sa ni na yi alkawarin yin shiru, kuma na yi. Ki bar shi a haka. In akwai wata dabara da ta fi wannan sauri, ki rubuto.

Taki,
Lorna


Tacoma
6 ga Satumba

Anti,

Ina fata kina lafiya, kuma da gaske nake wannan fatan. Tunda takardarki ta zo ban iya aikin kirki ba.

Babu dabarar da ta fi wata shida, amma ki manta da maki yanzu. Ba kya bukatar maki kafin ki tsira da ranki. Na sa miki lambar wani gida a Minot da ke karɓar mata ba tare da tambayar kati ko albashi ba. Ki haddace ta, ki ƙona takardar. In kuma kin fi so, ki hau jirgin ƙasa ki taho nan, Ivy za ta koma ɗakin yayarta. Alkawarin da aka sa mutum ya yi don tsoro ba alkawari ba ne. Ni ma na ce ƙofa ce ta buge ni, na ce santsi ne ya kwashe ni.

Ki aiko ko da layi ɗaya ne.

Corinne


Tacoma
21 ga Satumba

Anti Lorna,

Mako uku ba labari. Na karya maganarki, na bugo gida sau tara, tana ta ƙara ba a ɗauka. Na buga wa coci, aka ce Ardis ta tafi wurin 'yarta haihuwa. Yau da safe aka ɗauka, Kawu ne. Na ce ina son magana da ke, ya ce, "Ba za ta iya zuwa ba," ya ajiye. Muryarsa ma ban gane ta ba.

In zuwa jibi ban ji muryarki ba, zan yi abin da na so a ce wani ya yi mini. Ki yi fushi da ni daga baya, na yarda.

Corinne


Tolvik
5 ga Oktoba

Corinne,

Ina gaishe ki, ina fata yara suna lafiya. Sai shekaranjiya Ardis ta dawo ta ba ni takardunki biyu a haɗe. Da na gan su da wuri da ba a kai nan ba. Na zauna zan rubuto miki tun makon jiya, na ga in na rubuta a lokacin zan faɗi abin da ba zai goge ba.

Tunda asiri ya riga ya tonu, ga gaskiyar. Ƙodojin Arvid ne suka gaza. Tun watan Mayu likita ya ce kafin ƙarshen shekara sai an fara yi masa wankin ƙoda, sau uku a mako, a Minot. Mil casa'in ne daga ƙofarmu, sha ɗaya na farko tsakuwa, kin kuma san yadda hanyar nan take in iska ta taso da ƙanƙara. A mota, muna dawowa, ya sa na yi alkawari ba zan gaya wa kowa ba, har Curtis. Ya ce ba ya son a riƙa kallonsa a coci kamar gawar da ba a binne ba. Na kawo zancen mu koma kusa da asibiti, ya ce a gidan nan aka haife shi, da ƙafa ba zai bar shi ba. Shi ya sa na yi tunanin in kama ɗakin da kaina, in ya so ranar da hanya ta rufe ya tarar akwai wurin kwana. Awa biyun da nake samu a Minot, lokacin yana wurin likita ne. Hannuna kuwa, jiri ne ya kwashe shi a bakin wanka, na tare shi muka zube tare. Ranar biyu ga Satumba ya sake faɗuwa, aka kwantar da shi kwana goma sha takwas. Ranar da kika same shi a waya ina can ina ciyar da kaji, shi kuma ko tsayuwa da ƙyar yake yi.

Ran Alhamis ɗin da ta biyo bayan wayarki, da hantsi, motar 'yan sanda ta shigo mana. Brent Halvorson ne, wanda na koya wa karatun Lahadi yana ɗan shekara shida. Ya cire hula yana murza ta, ya ce yana son magana da ni a waje, ni kaɗai. Ya ce in nuna masa hannuna. Muna cikin haka Arvid ya dafo bango ya fito, ya ce, "Brent, me aka sace?" Yaron nan ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce wata 'yar'uwa ce ta bugo daga Washington, tana tsoron ana taɓa lafiyata.

Arvid ya daɗe yana kallona. Sannan ya naɗe hannun rigarsa, ya nuna masa inda aka yanka aka haɗa jijiya don wankin, ɗinkin ko warkewa bai yi ba. Ya ce, "Da wannan nake dukanta, ko da ɗayan?"

Shekara talatin da shida, mutumin nan ko tsawa bai taɓa yi mini ba. Taurin kai gare shi kamar ƙofar rumbu, amma hannunsa bai taɓa tashi ba.

Brent bai yi surutu ba, amma motar hukuma ba ta shiga gona a Tolvik a rasa wanda ya gani. Kafin Lahadi rabin gari sun ce yana dukana, rabi sun ce yana mutuwa. Na tsaya a ƙofar coci na faɗi ciwon da bakina don in kashe zancen farko. Yanzu firjinmu cike yake da kwanonin dankali da naman alade mai gishiri da mutane suka kawo, duk abin da likita ya hana shi.

Da Brent ya tafi sai da na zazzage masa komai, ɗakin, katin, keken. Ya ce, "Keken Inga kika sayar?" Na ce e. Ya tambaye ni ko na taɓa rasa wani abu a gidansa. Na ce ban taɓa ba. Na ce amma ranar da aka kwantar da shi na je otal biyu da kuɗi a hannu, suka ce sai da kati, nawa kuma abin da ke cikinsa bai kai abin da suke riƙewa ba, don haka kwana goma sha takwas ɗin nan a kujerar ɗakin jira na yi su. Shi duk zatonsa a otal nake kwana. Ya tashi ya shige ɗaki. Yau kwana goma ke nan, daga "miƙo gishiri", wanda ba na miƙawa, sai "sai da safe".

Na san abin da Doyle ya yi miki, na kuma san da alheri kika yi. Na sake karanta abin da na rubuta a raina, na ga yadda ya yi kama. Amma ɗiyata, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ɗaki na ce ki taya ni nema.

Za a fara wankin ranar ashirin ga wata.

Lorna


Tacoma
12 ga Oktoba

Anti Lorna,

Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da jiki, in zai karɓa. Allah ya ba shi lafiya.

Ba ni da bakin magana. Na karanta takardarki a wurin ajiye motoci, na kasa shiga ofis. Na ga layi uku a takardarki na cike sauran da rayuwata. Na tozarta mutumin da ya ɗauki akwatin Mama a kafaɗarsa. Ba zan ce da na sani ba, don in na sake ganin irin waɗannan layukan daga wata, ina jin zan sake bugawa. Amma ku na cuta, kuma na sani.

Na sa takarda dabam a ciki da sunansa. In kin ga ba lokacinta ba ne, ki jefa a murhu. Na kuma sa cakin ɗari da goma, ki karɓo keken daga wurin Ardis. Kada ki mayar mini, don Allah.

Ki ci gaba da shan man nan da katin kina biya. Ko ba komai agogon yana tafiya.

'Yarki,
Corinne


Tolvik
3 ga Nuwamba

Corinne,

Na ga takardarki. Jiki da sauƙi, an yi wanki shida. Ni ba marubuci ba ne, zan gajarta.

Zancen ɗan sanda ban huce ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Wata rana wataƙila.

Abin da ya sa na rubuto. A wurin wankin akwai wata mata da mijinta ya mutu watan jiya a kujerar da ke kusa da tawa. Ta dawo karɓar bargonsa, na ji tana gaya wa nas cewa an rufe katin, an tsayar da asusun sai kotu ta gama, tana ara a wurin 'yarta ta sayi mai. Ni ina ganin na tsare Lorna daga wahalar takardu ne. Ban san a kujera ta kwana ba.

Ki rubuto mini abin da zan ce wa banki, ɗaya bayan ɗaya, da manyan baƙaƙe, idona ya yi rauni. Ki aiko nan gida, ba coci ba.

Kada ki ɗauka na yarda da ƙaura. Ban yarda ba.

Arvid Haugen


Tolvik
10 ga Fabrairu

Ɗiyata Corinne,

Gaisuwa da fatan alheri, ke da Maren da Ivy. Na ga katin Kirsimeti da hoton, Maren ta zama Joyce sak. Ki yafe mini dogon shirun. Ba fushi ba ne, wannan ya wuce tuni. Gajiya ce. Litinin, Laraba, Juma'a muna hanya, sauran ranakun ina wanki da auna masa ruwan da zai sha da ƙaramin kofi. Keken ya dawo, yana nan a rufe, ban sami sukunin taɓa shi ba.

Takardarki mai manyan baƙaƙe ta yi aiki. Tsakiyar Nuwamba ya sa rigarsa ta zuwa coci muka je bankin Tolvik. Ya ajiye takardar a gaban manaja, abokin waƙar tasa, ya ce a yi duk abin da ke ciki. Aka sa sunana a asusun, aka sa a katin. Manajan ya so ya yi wasa, ya ce yanzu sai a ɓoye wa Lorna kantuna. Arvid ya ce masa matar da ta riƙe gida shekara talatin da shida da gwangwanin kofi ta fi shi iya lissafi. Ban taɓa jin ya yabe ni a gaban mutane ba, na rasa inda zan kalla. Da muka fito ya ce mini, "Ba don mu tashi ba ne. Don ranar da ba na nan ne."

Kafin sabuwar shekara sunana ya fito a na'urar. Matar bankin Minot ta juyo mini da allon ta nuna mini makin, ta ce ita ma ba ta kai haka ba. Na yi dariya har da ƙwalla. Ni ce dai ta watan Agusta, ko sisi ban samo ba.

Ranar shida ga Janairu yarinyar gidan haya ta bugo, gida wannan karon. Ta ce ɗakin ƙasan ya sake fitowa, ta duba ni komai ya yi, za ta riƙe mini zuwa Juma'a. Ina da makin, ina da takardar banki, sa hannuna kaɗai ya isa. Na ajiye waya na gaya masa, yana zaune yana ji dama. Ya ce a'a. Na ce ba ƙaura ba, wurin kwana kawai in hanya ta ɓaci. Ya ce wanda ya kama ɗaki kusa da asibiti ya fara sallama da gidansa ke nan. Na yi kwana huɗu ina kallon wayar nan. Zan iya sa hannu, kuɗin kuma yanzu hannuna yana kaiwa. Amma gumin mutumin ne na shekara hamsin, ya buɗe mini da kansa, ban ga yadda zan fara da yi masa abin da ya ce a'a ba. Na riga na gwada yin abu a bayan idonsa, kin ga inda ya kai mu. Juma'a ta zo ta wuce.

Ranar ashirin da uku guguwar ƙanƙara ta sauka, wadda masu hasashe suka ce za ta bi ta Kanada. Kwana huɗu ba a ganin rumbu daga taga. Wankin Juma'a ya wuce mu, na Litinin ya wuce mu. Ƙafafunsa suka kumbura har safa ba ta shiga, numfashi ya koma sai a zaune. Na buga wa asibiti, suka ce motarsu ba za ta iya shigowa ba, jirgi kuma ba ya tashi a wannan iskar. Nas tana gaya mini abin da zan duba, ni ina riƙe da waya da hannu ɗaya, ɗayan a ƙirjinsa. Ran Talata motar share hanya ta iso, maƙwabcinmu ya bi bayanta da mu. Likita ya ce da an ƙara kwana ɗaya da wani zancen ake yi. Kwana uku aka riƙe shi. Na kwana a otal, da katina, gado har biyu a ɗakin, ban runtsa a ko ɗaya ba.

Muna dawowa, mun wuce injin hatsi na garin Berthold, yana jingine da taga na ɗauka barci yake, sai ya ce, "Ɗakin nan na yarinyar, ana ganin fili daga ciki, ko bango ne?"

Na ce ana ganin wurin ajiye motoci da bishiya biyu. Na ce amma an ba wani tun tsakiyar Janairu.

Muka ƙara kusan mil goma. Can ya ce, "To ki sake bugo mata."

Na buga washegari. Mu ne na huɗu a layi, ɗakin ƙasa kuma ba ya fitowa da wuri, don tsofaffi ne a ciki. Ta ce wataƙila Afrilu, wataƙila Mayu. Na buga wa wasu wurare biyar, masu hawa ne ko kuma sun fi ƙarfinmu. Ya yarda in an ce guguwa na tafe mu kwana a otal tun kafin ta iso, sai dai ta Janairu ma ai ba su gan ta ba.

Curtis ya sani yanzu, ya ce zai zo a watan Maris in an ba shi hutu. Arvid ya ce in gaishe ki. Da bakinsa ya faɗa, ban ƙara masa ba.

Zan tsaya nan, in je in jona wa motar wayar lantarki mai ɗumama inji kada ya daskare. Gobe Laraba, ƙarfe biyar da rabi za mu tashi. Rediyo ya ce iska za ta juyo daga arewa da rana, amma wai ba mai yawa ba ce.

Taki,
Lorna